Rumfar Reno A Tudu, Lambu A Fadama

Kwanakin nan labarin wani irin noma ya cika gidajen rediyo da wayoyin hannu, watau noman da a ke yi cikin ɗaki, inda manomi ke tsare shuka daga rana da iska da ƙwari, ya kuma auna mata ruwa da taki kamar yadda a ke auna wa majinyaci magani. Waɗansu na cewa shi ne noman gobe, waɗansu kuma na cewa wasan masu kuɗi ne, ba abin da ya haɗa shi da talakan Guri ko na Auyo. Mu da aikinmu ya ke horon malamai da duba makarantu mun ga ya kamata mu faɗi namu ra'ayi, don malaman makaranta da akawunan ƙananan hukumomi su ne a ke fara tambaya a ƙauye in wani sabon abu ya zo, kuma abin da suka ce shi a ke ɗauka.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne wannan. A ƙasar Haɗejiya amfanin noman ɗaki yana ga ƙanƙantarsa. Ƙaramar rumfa ta raga, wadda aka kafa a tudu inda ambaliya ba ta kai wa, wadda ba ta bukatar lantarki, wadda a ke renon irin dashe da ɗan ganyen miya a cikinta, ita ce za ta ɗore, ta kuma taimaki fadama. Babban gidan gilas mai injuna kuwa, wanda a ke so ya maye gurbin gona, ba namu ba ne. Ga dalilanmu.

HALIN DA KOGI YA KE CIKI

Kowa ya sani arzikin wannan masarauta mai ƙananan hukumomi 8 a bakin kogi ya ke. Kogin Kano da na Challawa su suka haɗu suka zama kogin Haɗejiya, shi kuwa in ya sauko sai ya bazu cikin kwari, ya ratsa ta Kirikasamma da Guri har ya kai Nguru. Tun kaka da kakanni ruwa kan cika da damina, a shuka shinkafa, masunta su yi su, sa'an nan in ya janye a bi danshinsa a shuka wake da sauran amfani, Fulani kuma su sauko da shanu. Mutane uku ke nan ke ci daga wuri guda, kowa da lokacinsa.

To, amma kogin yau ba shi ne na jiya ba. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka gama ta Challawa a 1992. Tun daga nan cikar kogi da janyewarsa suka sake hali. Ruwan da a da ya kan ƙafe da rani ya koma yana gudana kusan duk shekara, wannan kuwa ya yi wa ciyawar kachala daɗi. Ta toshe hanyoyin ruwa, yashi da laka suka taru a bayanta, har ya zamana wani wuri ruwa ya kwanta ya ƙi tashi, wani wuri kuma ya daina zuwa sam. Cikin kachalar nan kuma tsuntsun jan-baki ya ke kwana, da safe ya faɗa wa shinkafa da alkama.

Sa'ad da ruwan sama ya yi yawa, kogin da hanyarsa ta toshe ba shi da wurin bi sai gonaki da gidaje. Mutanen Auyo da Kafin Hausa da Haɗejiya ba su manta ambaliyar 2018 da ta 2020 da ta 2022 ba, lokacin da samari suka yi ta kwana a kan jinga suna jera buhunan ƙasa don kada ruwa ya shiga gari. In an yi irin wannan, abin da a ke ƙirgawa shi ne gidajen da suka rushe da shinkafar da ta nutse. Akwai kuwa wata hasara da ba safai a ke rubuta ta ba. Ruwa ya fi cika daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba, daidai lokacin da masu noman rani ke yafa irin tumatir da tattasai da attarugu da albasa a bedi. In bedi ya nutse, ko ruwan sama mai ƙarfi ya dake shi, sai manomi ya sake sayen iri, ya sake jiran wata guda ko fiye. Wanda ya makara da dashe kuwa tumatirinsa zai nuna ne sa'ad da kasuwa ta cika ta batse, ko kuwa zafin bazara ya riske shi yana fure, furen ya zube. Ashe ambaliyar wata ɗaya ta ci damina, ta kuma taɓa rani.

ƘWARON DA YA KOYA MANA DARASI

Abu na biyu shi ne ƙwari. A 2016 wata 'yar ƙaramar tsutsa, wadda manoma suka laƙaba wa suna sharon, ta cinye gonakin tumatir a Kano da Jigawa da Katsina da Kaduna, har Gwamnatin Kaduna ta ce abin ya zama na gaggawa. Asalin ƙwaron nan daga Kudancin Amurka ya ke. An gan shi a ƙasar Sifen a 2006, daga nan ya ƙetaro Afirka. Uwarsa wani ɗan malam-buɗe-littafi ne na dare wanda bai fi ƙwayar shinkafa ba, ta kan yi ƙwai fiye da 200, cikin kamar wata guda kuma 'ya'yan sun girma sun fara nasu. Tsutsar tana shiga tsakiyar ganye ne ta yi ta ci daga ciki, saboda haka maganin feshi ba ya samunta sosai. Manomi ya fesa, ya ga ba ta mutu ba, ya ƙara, ya haɗa magani biyu ko uku, ita kuwa tana ƙara sabawa da dafin. Ta sake dawowa da ƙarfi a 2023.

Ban da ita akwai farin ƙuda, wanda ke ɗauke da cutar da ke nannaɗe ganyen tumatir ta tsugunar da shi. Masana aikin gona sun tabbatar shukar da ta kamu tun tana jaririya ita ta fi lalacewa. Sau da yawa manomi da hannunsa ya ke ɗauko ƙwan tsutsa da cuta daga bedi ya kai gona, bai sani ba.

Ku duba kuma ina dafin nan ke tafiya. A tudu ya tsaya a gonar mai shi. A fadama kuwa ruwa ne ke wanke shi ya kai gulbi, gulbin da kifin kasuwar Haɗejiya ke fitowa daga cikinsa, wanda shanu ke sha, wanda tsuntsayen Turai ke sauka a bakinsa da hunturu a dajin Baturiya. Dajin nan tun 2008 ya ke cikin jerin dausayoyin da duniya ta yarda a kiyaye. Duk kwalbar maganin da aka fasa fesawa riba ce ga masunci da makiyayi, ko da ba su san an yi ba.

Masana'antar tumatir ta Ɗangote da ke Kadawa ta buɗe a 2016, ba da daɗewa ba ta tsaya don rashin tumatir. Daga baya kamfanin ya kafa babban gidan renon iri a can Kadawa. Abin lura a nan shi ne, inda mai kuɗi ya ga ya dace ya rufe shi ne wurin reno, gona kuwa ya bar ta a fili a hannun manoma.

YADDA RUMFAR TA KE

Kada kalmar ɗaki ta ruɗe mu. Abin da mu ke nufi rumfa ce mai kamar mita 3 a faɗi, mita 4 a tsawo, mai bisa sosai yadda dogon mutum zai ɗaga hannu bai taɓa rufi ba. Dirkokinta na itace ne ko ƙarfe. Gefunanta huɗu raga ce mai ƙananan idanu, an binne bakinta a ƙasa. Rufinta da damina leda ce mai haske don tare dukan ruwa, da bazara kuma a ɗora zana ko asabari don rage rana. Ƙofa biyu a ke yi mata, ɗaya bayan ɗaya, a rufe ta waje kafin a buɗe ta ciki. A ciki a yi gadaje masu tsayin ƙugu, a jera farantan reno a kai. Ƙasar da a ke zubawa a farantan ita ce taki ruɓaɓɓe da yashi da ɓuntun shinkafa da aka babbaka, an gasa su ko an turara don a kashe cuta. Ɓuntu kuwa ga shi nan tsibi-tsibi a bayan kowane injin casa na Haɗejiya.

Bari mu yi lissafi irin na aji. Faranti ɗaya mai gurbi 128 ne. Rumfa mai girman da muka faɗa za ta ɗauki faranti 50, a bar hanyar wucewa a tsakiya. 50 sau 128 ya ba mu 6,400. In hekta ɗaya tana ɗaukar tumatir wajen 25,000, to, rumfar nan ta reni dashen rubu'in hekta ke nan cikin kamar mako 4. In an kwashe a sake zubawa. Daga Agusta zuwa Nuwamba a iya yin zubi uku, na tumatir da na tattasai da na kabeji.

Wannan ba sabon gwaji ba ne a Afirka ta Yamma. A Kwatano ta ƙasar Binin masu bincike sun gwada rufe kabeji da raga, suka buga sakamako a 2006, suka nuna raga ta fi feshi tsare kabeji daga tsutsa. An ci gaba da irin wannan aiki a Binin da Kenya tare da ƙananan manoma.

AMFANIN DA KE ƊOREWA

Na farko, iri. Ingantaccen irin tumatir yanzu da giram a ke sayar da shi, giram ɗaya kuwa ƙwaya wajen 300 ne. Wanda ya yafa shi a bedi ya san wani kaza za ta tsince, wani tururuwa za ta ja, wani ya ruɓe, wani kuma saiwarsa ta tsinke wajen cira. A faranti ƙwaya ɗaya gurbi ɗaya, kuma dashe na fita da ƙasarsa a jikin saiwa, ya kama nan da nan ba tare da ya yi yaushi ba.

Na biyu, ruwa da mai. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kowane mai lambu ya san abin da tada injin ban ruwa ke ci. Farantan da ba su cika murabba'in mita 8 ba da butar ban ruwa a ke shayar da su, ba inji, ba mai. Inuwa da raga kuma suna rage iskar da ke busar da ƙasa.

Na uku, dafi. Shukar da ta yi watanta na farko a bayan raga ta fita gona da lafiya, ba ƙwai a jikinta. Ba mu ce ba za a sake feshi ba har abada. Mun ce an rage, an kuma jinkirta farawa, yaron da ke goya tankin feshi ba takalmi ba abin rufe hanci ya sami sauƙi.

Na huɗu, lokaci, shi ne kuwa ya fi duka a wurinmu. Rumfa tana tudu, kusa da gida. Ruwa na kwance a fadama, dashe na girma a gado. Ran da ruwa ya janye, ƙasa ta yi daidai, manomi na da abin dasawa a hannu. Garin da ambaliya ta ci shinkafarsa ba abin da ya fi bukata kamar ya shiga noman rani da wuri, don shi zai biya bashi ya sayi hatsi.

Na biyar, miyar gida. In an gama reno ba a barin rumfa haka nan. A cika buhuna ko tsofaffin bokitai da ƙasa da taki, a shuka alayyafo da lalo da yakuwa da salak. Da bazara, sa'ad da ganye ya yi wuya, da kuma damina, sa'ad da tumatir ke tsada kamar nama, gida na da abin tsinka. Wannan sana'a ce da matan aure za su iya yi a tsakar gida ba sai sun fita ba, tsoho da mai rauni ma su iya, tun da gado ya ɗaga ba a sunkuyawa. Mu malamai mun san kamannin yaron da ya zo aji bai ci komai ba sai tuwo da miyar da ba ganye, mun kuma san yadda karatunsa ke tafiya.

ABIN DA BA ZA TA IYA BA

Yanzu sai mu juya ga masu cewa noman ɗaki zai raba mu da gona. A ce hekta ɗaya ta ba da shanshera kilo 4,000. Hekta kuwa murabba'in mita 10,000 ce, rumfarmu 12. In aka shuka shinkafa a cikinta abin da za a samu bai kai kilo 5 ba. Gida mai mutum goma kwana nawa zai yi da wannan? Gero da dawa da shinkafa da alkama abincin fili ne, rana kyauta, ruwan sama kyauta. Ba ɗakin da zai yi gasa da kyauta.

Turawa ma sun gwada abin da girma. A Amurka an gina manyan gidaje inda a ke jera salak hawa-hawa, fitilun lantarki a maimakon rana, injuna a maimakon iska. An zuba kuɗi masu ɗimbin yawa. Kamfanin AeroFarms ya kai kansa kotu don bashi ya fi ƙarfinsa a 2023, na Bowery ya rufe a 2024, na Plenty ya bi sahun masu bashi a 2025. Babban abin da ya kayar da su shi ne tsadar gini da ta lantarki, ga shi kuwa abin sayarwar ganye ne. In haka ta faru a ƙasar da wuta ba ta cika ɗaukewa ba, ina ga garin da sai an tada janareta? Inda noman rufi ya kafu sosai, kamar lardin Almeriya na ƙasar Sifen, da rana a ke yinsa, ƙarƙashin leda, bisa dirkoki. Saboda haka in wani ya zo ofis da hoton gidan gilas da takardar kwangila mai sifiri da yawa, akawu ya tambaye shi abu uku: wa zai biya wuta, wa zai gyara in ya lalace, kuma nawa za a sayar da kwandon abin da ya fito?

Akwai wani haɗari kuma da ya fi wannan. Kada zancen rumfa ya sa a manta da kogi. Yashe hanyoyin ruwa, da cire kachala, da gyaran jinga, da sakin ruwan Tiga da Challawa bisa tsari tare da sanar da na ƙasa da wuri, waɗannan nauyi ne a kan Gwamnati da Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, rumfa ba ta ɗauke musu ko ɗaya ba. Aikin ban ruwa na kwarin Haɗejiya da ke Auyo, wanda aka buɗe bayan gyara a farkon 2023, shi ma dashe mai lafiya ya ke bukata. Rumfa baiwar fadama ce, ba kishiyarta ba.

INDA A KAN YI KUSKURE

Kuskure na farko shi ne kwaikwayon ƙasashen sanyi. Su suna rufe shuka ne don su tara zafi, mu kuwa zafi ne abokin gabanmu. A watan Afrilu da Mayu ma'aunin zafi a nan ya kan wuce 40. Wanda ya rufe rumfa ruf da leda a wannan lokaci ya gina tanderu, kafin azahar shukarsa ta dahu. Raga ma in idonta ya yi ƙanƙanta ainun tana tare iska, shi ya sa muka ce a yi rumfa da bisa, a kafa ta inda iska ke ratsawa, a riƙa kakkaɓe ƙurar hunturu daga jikinta.

Dabarar sanyaya wuri ba da lantarki ba kuwa ba baƙuwa ba ce a Jigawa. Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta ne a Dutse, ya sa tukunya cikin tukunya, ya zuba jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, ruwa na fita ta jikin yumɓu yana tafiya da zafi, gauta da tumatir suka riƙa yin kwanaki ba su lalace ba. Ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda wannan. Hikimar randa ce ta kowace uwar gida. Jiƙaƙƙen buhun algarara da aka rataya a gefen da iska ke shigowa haka ya ke aiki da bazara, lokacin da iska ta bushe. Da damina ba ya yi, sai ma ya jawo ruɓa.

Kuskure na biyu shi ne zaton raga ta gama komai. Huda ɗaya ta isa, kuma ƙwaron da ya shiga ya sami gida ba mai damunsa, don abokan gabansa na waje. Akwai ma wani jan ƙwaro mitsitsi mai saƙa a bayan ganye wanda raga ba ta tare shi. Dole a duba bayan ganye kullum, a ɗinke huda ran da aka gan ta. Ƙudan zuma ma ba ya shiga, saboda haka in tumatir ya yi fure a ciki sai an girgiza shi da hantsi kafin ya ɗaura 'ya'ya. Ƙasar faranti kuma ba a maimaita ta sai an sake gasawa.

Kuskure na uku muna roƙon malamai su yi ta faɗarsa har a gaji da ji. Gidan sauron da a ke rabawa a asibiti ba na lambu ba ne. An jiƙa shi da magani, an kuma ba da shi ne don tsare yara da mata masu ciki daga zazzaɓin cizon sauro, wanda ya fi yawa a bakin fadama. Wanda ya cire shi daga gadon ɗansa ya rufe tumatir ya yi cinikin hasara. Ragar noma dabam ta ke. In ta tsufa kuma, ita da leda, a tara su wuri ɗaya, kada a bar su su bi ruwa ko su shiga cikin dabba.

MAGANAR KUƊI

Za a ce da mu, talakan da ambaliya ta cinye ina ya ga kuɗin raga da faranti? Tambaya ce mai kyau. Gaskiya ne raga mai ƙwari ba a saƙa ta a ƙauye, sai an saya, bayan 'yan shekaru kuma rana ta cinye ta a sake. Amsarmu ita ce ba kowane manomi ke bukatar tasa ba. Kamar yadda ba kowane gida ke da injin niƙa ba, rumfa ɗaya ko biyu sun ishi unguwa. Mai ita ya reni dashe ya sayar, ko manomi ya kawo irinsa a rena masa ya biya lada. Sayar da dashe daɗaɗɗiyar sana'a ce a kasuwanninmu, abin da aka ƙara shi ne tsabta da tabbas. Wanda bai iya rumfa ba ya lanƙwasa sanduna bisa bedinsa da ya ɗaga a tudu, ya lulluɓa raga. Da babu gara ba daɗi.

GA MALAMAI DA AKAWUNA

A zamanin En'e makarantun elementare da yawa suna da gonar makaranta, yara na koyon awo da lissafi a kan kunya. Abin ya yi rauni ƙwarai. Muna ganin rumfar reno hanya ce ta maido da shi, don makarantu galibi a tudu aka gina su, akwai rijiya ko famfo, akwai kuma hannuwa. Darasin ƙirga, da na kimiyya, da na kiwon lafiya duk suna cikinta.

Amma muna da sharaɗi. Kada a kafa ta don ranar da baƙo zai zo. Hedimasta ya fara samun wanda zai shayar da ita lokacin hutu, tun da dogon hutu na faɗowa daidai lokacin zubin fari. A nemi shawarar malamin gona na hukumar JARDA da tsofaffin masu lambu na garin. Sa'an nan a yi gwaji na gaskiya: iri ɗaya, rana ɗaya, rabi a bedin fili, rabi a rumfa. Yara su rubuta ƙwaya nawa aka shuka, nawa suka tsiro, nawa suka kama bayan dashe, ruwa garwa nawa, feshi sau nawa, kwando nawa aka tsinka. In rumfa ta fi, manoma za su gani da idonsu ba sai an yi musu lacca ba. In ba ta fi ba, a rubuta hakanan. Kwalejin Ilmi ta Gumel, da Kwalejin Binyaminu Usman ta Haɗejiya wadda asalinta ta aikin gona ce, da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, su ya dace su tara waɗannan littattafai su gaya mana irin ragar da ta dace da zafinmu da kuma ainihin abin da rumfa ke ci.

Ku kuma akawuna, takardar agajin ambaliya ta hannunku ta ke bi. An saba rubuta shinkafa da tabarmi da kwanon rufi, duk kuwa ana bukatarsu. Muna roƙo a ƙara layi ɗaya: dashe nawa garin nan ke bukata, wa zai rena, a ina, ran nawa ga wata zai isa dasawa. Wannan layi kuwa tun watan Yuli ya kamata a cika shi, don ba a fafe gora ranar tafiya. Buhun shinkafar agaji mako biyu ne ya ƙare. Dashen rubu'in hekta da ya isa hannun manomi a kan kari shi zai riƙe gidan har wata damina. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyashe mu da ambaliya, amin.